Baffa Bakanike da Sitiyarin Dattijuwa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baffa, aminin mahaifina, bakaniken da yawancin tsofaffin motocin garin nan ke tafiya da albarkacin hannunsa. Ina wurin aikina a kantin magani Umma ta kira ni. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Baffanku ya rasu. Ki zo gida, babanki bai ce uffan ba tun da aka faɗa masa." Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki a asibiti, har an fara maganar sallamo shi, ashe kwana ya ƙare.

Baffa, da kana nan na san abin da za ka ce idan ka gan ni da alƙalami. Za ka ce in bari sai gobe. Wannan kalma ta bi ka har ta zama sunanka, masu motoci suna kiran ka Sai Gobe a bayan idonka da kuma gaban idonka, kai kuwa ko a jikinka. Mutum zai kawo mota da gaggawa, yana duba agogo, ka zagaya ta, ka saurari ƙararta, ka goge hannu da tsumma, ka ce masa sai gobe. Wasu sun yi fushi sun tafi wani wuri. Da yawansu sun dawo, suna turo motar da hannu.

Tun ban kai tsawon tayar mota ba nake zuwa garejinka tare da Baba. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin rumfar kwanon nan, da ramin da kake shiga ka duba ƙarƙashin mota, da allon bango da ka zana siffar kowace sifana da farin fenti domin a gane wadda ba ta koma wurinta ba. Akwai dogon benci na masu jira, kuma a ƙarshensa ka kafa wani tsohon sitiyari don yaran da iyayensu ke zuwa da su. A kan wannan benci na yi tafiye-tafiye masu nisa, ina yin ƙarar injin da bakina, kai kuma daga cikin rami kana ce min, "Uwata, rage gudu, akwai kwana a gaba." Uwata kake kira na saboda sunan mahaifiyarka aka sa min, kuma har na yi 'ya'ya ba ka daina ba.

Abubuwa biyu ne kowa ya san ka da su a wurin aiki. Na farko, ba ka taɓa sitiyarin mota sai ka shiga gefen mai ita ya ja ku kun zagaya. Ba hanya kake kallo ba, hannunsa kake kallo: yadda yake riƙo, inda yake ɗora gwiwar hannu, ko yana cije leɓe idan zai sha kwana. Ka ce motoci biyu iri ɗaya ba sa son gyara ɗaya, tunda ba mutum ɗaya ke jan su ba. Wata malamar asibiti ta taɓa ba ni labari a kanti, ba ta ma san na san ka ba. Ta kai maka mota tana cewa tana ja gefe. Kuka zagaya, ka ce mata motar lafiyarta ƙalau, kafaɗarta ta hagu ce ba ta da lafiya, ta je a duba ta. Ta tafi tana jin haushinka, kuma da aka duba maganarka ce ta fito.

Na biyu, duk abin da ka cire daga motar mutum, ko noti ne da ya cinye, ko 'yar roba da ta tsage, sai ka shafa masa giris, ka naɗe a tsumma, ka ƙulle, ka miƙa wa mai shi. Mutane suna dariya, suna tambayar me za su yi da shara. Amsarka ɗaya ce kullum, cewa da shi motar ta zo, don haka nasu ne. A ɗakin ajiyarmu akwai kwali guda cike da irin waɗannan ƙulle-ƙulle, Umma ta yi mita har ta gaji, Baba ya hana a zubar.

Duk waɗannan, wasu za su faɗe su fiye da ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Dattijuwa, da hannun mahaifina.

Dattijuwa ita ce motar Baba. Ya saye ta tun kafin ya auri Umma, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Launin madara gare ta, da dogon boneti, da kujerun fata da suka yi laushi saboda zama, da faffaɗan sitiyari kamar tiren shayi mai zoben ƙarfe a tsakiya. Sitiyarin nan yana da ɗan karen nauyi. Idan tana gudu ba laifi, amma a juya ta a tsaye ko a matsattsen lungu, sai ƙato ya yi gumi. Baba yana alfahari da wannan nauyi kamar shi ya ƙera shi. Ku biyu kun yi ittifaƙi tun kuna samari cewa ba za a canza mata komai ba, yadda ta fito haka za ta tsufa. Idan wani ya ba da shawarar a sa mata irin sitiyarin zamani mai taushi, sai ku dubi juna, Baba ya ce wannan ai na ragwaye ne, kai kuma ka gyaɗa kai kana kurɓar shayi. Na girma ina jin wannan hira, har na ɗauka wani rukuni ne na abotarku.

Bara waccan Baba ya faɗi a banɗaki da safe. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Allah Ya taimaka aka kai shi asibiti da wuri. A hankali baki ya daidaita, ƙafa ta dawo har yana takawa ba sanda, amma hannun dama ya ƙi. Yana kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe, sai ya sa na hagu ya ɗauke shi idan zai tashi. Matar da ke koya masa motsa jiki a asibiti ta ba shi 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta kuma ja ni gefe ta gaya min gaskiya. Ta ce akwai sauran rai a hannun, amma idan ba a yi aiki da shi a 'yan watannin nan ba zai sandare, kuma idan ya sandare shi ke nan.

Baba ya jefa ƙwallon ƙarƙashin gado. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aikin gidan waya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya koma kujera a kusurwar ɗaki, fuskarsa na kallon bango. Ya daina fita ko ƙofar gida. Idan baƙi sun zo dubiya sai ya cusa hannun cikin riga, ya gaisa da ka. Mun roƙe shi, mun yi masa faɗa, Umma ta yi kuka, ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. Dattijuwa tana tsakar gida a rufe da tamfol, daidai tagarsa, ya sa aka sauke labule. Yayana ya ce a sayar da ita, tunda ganinta ƙara masa ciwo yake yi. Ni ba motar ce damuwata ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, domin ina ganin mahaifina yana naɗe kansa kaɗan-kaɗan yana ajiyewa, kuma lokacin da matar nan ta faɗa yana tafiya.

Shi ne na zo wurinka. Na ce ka sa wa Dattijuwa sitiyari mai taushi, yadda ni zan iya jan ta in riƙa fitar da Baba shan iska, ko Allah zai sa ya yarda ya shiga. Na zo da shirin ka kore ni, don na san abin da nake roƙo. Ka daɗe kana goge wata sifana da ba ta da datti. Sannan ka ce, "Sai gobe, Uwata." Na koma gida ina ganin ka ƙi.

Washegari kuwa sai ga ka a gidanmu. Ka yi sallama, ka shiga ɗakin Baba, ka miƙa masa hannu. Ya miƙo na hagu. Ka bar naka a miƙe ka ce, "Ni ban taɓa gaisawa da kai da hagu ba, ba yau zan fara ba." Baba ya haɗe rai ya ce, "Ba'a ka zo yi min?" Ka sunkuya ka zaro hannun daga cikin riga da kanka, ka sa a naka, ka ce ya matse. Ina tsaye a bakin ƙofa, raina ya ɓaci ƙwarai, na ga kamar rashin tausayi ne. Yatsun suka ɗan motsa, da ƙyar ake gani. Ka riƙe su, ka karkata kai gefe, irin yadda kake yi idan kana sauraron injin. Daga nan ka saki, ka zauna, ka kama ba shi labarin wani direban tasi da ya zuba ruwa a wurin mai.

Haka ka riƙa zuwa, kullum da wannan gaisuwa da Baba ya tsana. Bayan 'yan kwanaki ka zo da motar jan motoci ka tafi da Dattijuwa lokacin da yake barcin rana. Wani abu ya ɗaure min kai a lokacin. Ni ce zan ja motar, amma ba ka taɓa cewa in shiga mu zagaya ka ga riƙona ba, kai da ba ka karya wannan ƙa'ida ga kowa. Na tambaye ka, ka ce ai ka riga ka auna. Na ɗauka zolaya ce irin taka.

Nakan biyo ta garejin idan na tashi daga aiki, don haka na ga aikin da idona. Ka fara da gyaran abin da shekaru suka ci. Ka buɗe akwatin sitiyari ka wanke, ka ɗaure wasan da ya yi, ka canza robobi da sandunan da ke haɗa shi da tayoyin gaba. Sannan ka zo kan babban aikin, wato ɗan injin lantarki da ake ɗaurawa a jikin sandar sitiyari, wanda ke taya direba juyawa. Dole sai an yanka sandar kafin ya zauna. Ka ƙi yanka ta Dattijuwa. Ka yi ta yawo wurin masu tsofaffin ƙarafa har ka samo irinta, ita ka yanka, ta asalin kuma ka cire ta lafiya ka shafa mata giris. Ka ƙera maɗaurin injin da hannunka yadda zai zauna a ramukan da ke jikin motar tun fil azal, ba ka huda mata ko ɗaya sabo ba. Ka ɓoye komai a ƙarƙashin gaban mota, ka mayar da faffaɗan sitiyarin nan da zobensa. Ina tuna ka kwance rigingine a ƙasan kujerar direba, ƙafafu a waje, tabarau ɗaure da zare, mutum mai jikoki, kana numfashi da ƙyar saboda matsi. Na ce ka bar wa babban ɗanka wannan ɓangare, tunda tare kuke aiki. Ka ce wannan motar ba ta san hannunsa ba.

Abokanka masu son tsofaffin motoci, waɗanda ke taruwa a bencin nan da yamma, ba su bar ka ka sha iska ba. Suka ce yau ga Sai Gobe yana sa sitiyarin ragwaye, duniya ta zo ƙarshe. Ka bar su suka gama dariya, ka ce mai motar ne ya canza, dole motar ta bi shi. Daga nan aka koma hirar farashin taya.

Ranar da ka dawo da ita ba zan manta ba. Ka ajiye ta daidai tagar Baba, ka ɗauko sandar asali a naɗe cikin tsumma, ka shiga ka ajiye a gabansa kamar yadda ka saba. Ya dubi ƙullin, ya gane tsawonsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ka taɓa ta?" Ka ce ka taɓa. Mahaifina, wanda roƙo da kuka suka kasa tayarwa, ya miƙe tsaye ya nufi ƙofa ko takalmi bai tsaya sawa ba. Fushi ne ya fito da shi, yana so ya ga ɓarnar da aka yi masa. Umma ta biyo shi da takalman a hannu.

Ya buɗe ƙofar motar ya zauna. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shafa zoben ƙarfen, bai ga abin da ya canza ba. Ka tayar da injin ka ce ya juya sitiyari. Ya sa hannun hagu da ƙarfi irin na da, sitiyarin ya tafi suu, har ya kusa buga haƙarƙarinsa da ƙofa. Ya ce, "Ka mayar da ita abin wasan yara." Ka ce, "Ai ba naka ba ne, na Uwata ne. Sauko ka ba ta wuri." Baba ya dube ni, ya dube ka, ya jawo ƙofar ya rufe. Daga ranar har yau makullin Dattijuwa bai taɓa shiga hannuna ba, ni da na roƙa a yi aikin.

Akwai wani fili a bayan tsohuwar masana'antar sabulu inda ake koyon mota. Nan kuka mayar wurin zuwanku da safe, kai ka ja ta zuwa can, sannan ku canza wuri. Na bi ku sau da yawa, ina zaune a baya. Da hagu Baba yake tuƙi, amma ka kafa masa sharaɗi cewa sai ya ɗora na dama a kan sitiyari, ko da ba ya yin komai, in ba haka ba ka zare makulli. Sai ya ɗauko shi ya ɗora yana ƙunƙuni. Kai kuma kana gefe, hannunka kusa da birkin hannu, idonka a kan yatsun nan. Lokaci-lokaci sai ka ce za ka wuce da motar gareji ka ɗan duba ta, ka dawo da ita da yamma.

Ba a daɗe ba Baba ya fara ƙorafi. Ya ce sitiyarin ya fara nauyi. Ya ce ga irinta nan, kayan zamani ke nan, tun ba a je ko'ina ba ya fara mutuwa. Ka ce sai gobe za ka duba. Ka duba, ya ce ai ƙara nauyi ma ya yi. Haka kuka yi ta yi mako bayan mako. Abin ya dame ni, don ina tsoron kada ya gaji ya koma kujerarsa. Na zo gareji na same ka kana shan shayi, na yi maka magana da zafi, wadda ban taɓa yi ba. Ka tambaye ni, "Ya fasa fita?" Na ce a'a. Ka ce, "To, sai gobe." Na tafi ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa aikin Baffa.

Wata safiya a filin nan Baba ya zo shan kwana kusa da wani tulin yashi. Hannun hagu ya ja, sitiyarin bai zo yadda yake so ba, motar ta nufi yashin. Sai na ga yatsun dama sun rufe a kan sitiyari, sun ja. Motar ta juya. Baba ya yi kamar bai lura ba, kai ka juya kana kallon waje ta taga, ni kuma a baya na toshe bakina da mayafi ina hawaye.

Daga nan abin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Ya fara ɓalle maɓallin rigarsa. Ya koma cin abinci da dama, yana zubarwa, yana faɗa da duk wanda ya ce zai taimaka. Matar asibiti ta tambaye shi ko ya koma matsa ƙwallon ne, ya ce mata ƙwallo na ƙarƙashin gado inda ya dace da ita. Likita ya gwada shi ya yarda ya hau titi. Ranar da ya fara kai Umma unguwa da kansa, ta shiga gaba ta zauna tana gyara mayafi kamar yau aka fara ɗaukar ta a mota. Gaisuwarku kuma ta zama abin kallo, don sai ka yarfe hannu ka ce zai karya maka yatsu, ya ce maganinka ke nan.

Ƙorafin sitiyari dai bai ƙare ba. Kusan kullum Baba zai ja Dattijuwa zuwa garejinka, ya zauna a benci, ya ce injin nan naka saura ƙiris ya mutu, kai kuma ka ce sai gobe. Ko da muka je duba ka a asibiti bai fasa ba. Ya ce ka tashi ka bar lalaci, akwai aikin da ka bari rabi. Ka yi dariya har tari ya kama ka, ka ce, "Wannan aikin an gama shi tuni." Muka ɗauka zafin ciwo ne.

Bayan an kai ka makwancinka, Baba ya dawo gida ya rataye makulli a ƙusa, ya koma kujerar nan ta kusurwa. Washegari na shiga na tarar ya cusa hannun dama cikin riga. Na ce ya tashi mu je gidanka mu zauna da iyalinka, ya ja mu a Dattijuwa. Ya girgiza kai. Ya ce injin da ka sa ne ke riƙe da shi, ga shi yana mutuwa, wanda ya san kan injin kuma ya tafi. Ya ce ranar da zai mutu gaba ɗaya a tsakiyar titi, hannun nan ba zai iya da nauyin motar ba, gara ya ajiye tun da mutuncinsa. Na ga duk wahalar da aka sha tana neman komawa inda ta fito, kuma wannan karon ba ka nan balle in zo gareji. A motar yayana muka tafi, Baba yana baya yana kallon ƙasa.

Da mutane suka ɗan ragu, Gwaggo, matarka, ta aiko a shigo da mu ciki. Babban ɗanka yana zaune kusa da ita. Bayan mun yi mata gaisuwa ta buɗe jakarta ta ɗauko wani ɗan ƙulli na tsumma, bai fi kan yatsa ba, da tabon giris a jiki. Ko daga nesa mun gane ɗaurinka. Ta ce wata rana, watanni da suka wuce, ka dawo gida kana ta murmushi kai kaɗai, ka jefa shi a aljihun tebur, ka hana a taɓa. A asibiti kuma ka ce mata idan ta Allah ta kasance ta ba abokinka, don nasa ne.

Baba ya kwance ƙullin. Wani ɗan fiyus ne na roba mai ƙafafu biyu. Ya juya shi bai gane ba, ya dubi ɗanka. Shi ne ya yi mana bayani. Ya ce injin da ka sa yana da wani ɗan maɓalli a ɓoye da ake rage ƙarfin taimakonsa. Duk ranar da ka ce za ka duba motar, rage shi kake yi kaɗan, daidai abin da ka ji a gaisuwarku, domin hagu ya kasa shi kaɗai, dole dama ya kawo ɗauki. Da maɓallin ya kai ƙarshe sai ka zare wannan fiyus, wanda idan babu shi wuta ba ta isa injin sam. Ya ce, "Baba, tun daga ranar ba abin da ke taya ka. Da hannunka kake juya ta."

Sai a lokacin na gane hannun wa ka auna tun farko. Baba ya daɗe yana kallon fiyus ɗin a tafin hannunsa, kuma hannun dama ne, bai ma san ya fito da shi ba. Can ya ce, "Ashe duk watannin nan ƙarya mutumin nan yake yi min." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, irin kukan da bai yi ba ko a maƙabarta. Gwaggo ta ce ai ita ma shekara da shekaru tana fama da kai. Muka yi ta kuka da dariya a haɗe, har na waje suka leƙo.

Baffa, iyakar sanina wannan ne kaɗai abin da ka taɓa cirewa daga motar mutum ka riƙe ba ka ba shi nan take ba. Shi ma ka mayar, kuma a ranar da aka fi bukatarsa. Ka bar abokanka suka yi maka dariya, ka bar amininka yana kushe aikinka a gaban mutane, ka bar ni na ɗauka hannunka ya fara rauni, ba ka taɓa kare kanka da kalma ɗaya ba. Na yi alfahari da na san ka, kuma ina kewarka ƙwarai.

Washegarin ranar da aka ba Baba fiyus ɗin, da safe ƙarar injin ce ta tashe ni, don a gidanmu na kwana. Na leƙa na ga Baba yana juya Dattijuwa a tsakar gida, a matsattsen wurin nan da ko da yana da lafiya sai ya yi gaba ya yi baya. Ya yi min alama in shigo. Bai sa fiyus ɗin cikin kwalin ɗakin ajiya ba, yana aljihun rigarsa na ƙirji. Muka kama hanyar maƙabarta.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Umma, da ta 'yan'uwana, ga Gwaggo wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da tufafinsa ba sa rabuwa da baƙin mai, da 'ya'yanka da jikokinka, da babban ɗanka da nauyin gareji ya dawo kansa, da mazauna bencin nan na yamma, da duk wanda ka taɓa ce wa sai gobe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya albarkaci abin da ka bari. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa tafiya, Allah Ya sauƙaƙa maka taka, Ya sa Aljanna ce makomarka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Waɗannan addu'o'i ba ni na tsara su ba. A bakin Baba na ji su a safiyar nan, yana tsaye a gefen kabarinka, ni ina nesa a jikin mota ina cewa amin. Ya daɗe yana yi, kuma hannuwansa biyu a ɗage suke, na daman bai sauka ba har ya shafa.